Ƙullin Kawu Bahago

Shekara talatin da ɗaya Kawu Bahago ya yi yana tuƙa babbar mota, amma in ana hira sai ka ji ɗaurin kaya yake fahariya da shi. Yakan ce a duk tsawon shekarun nan ko buhu ɗaya bai taɓa faɗo masa a hanya ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar ƙasan tsohon takalmi. Da hagu yake rubutu, da hagu yake ɗauri, sunan ya bi shi har jikokinsa ba su san yana da wani ba.

Shi da amininsa Hedimasta suka kafa ƙungiyar sikawut ta unguwa, shekara ashirin da biyu da suka wuce, a filin makarantar firamare da ke bayan tankin ruwa. Aikin sa-kai ne, ba mai biyansu. Hedimasta ke riƙe da usur da rajista, Kawu ke riƙe da igiyoyi da tantuna da mabuɗin sito. Tun da suka yi ritaya ba ranar da ba sa haɗuwa, kuma ba ranar da ba sa musu. Matansu sun daɗe da daina raba su.

Kawu ba mai dogon zance ba ne a inda zance ba ya magani. Shekarar da wani yaro daga cikin yaran ƙungiyar ya rasu, ɗan shekara goma sha biyu, bayan kwana huɗu a asibiti, bai ce wa iyayen komai ba ban da gaisuwa. Ya kafa rumfa a ƙofar gidan, kullum da safe ya zo ya ƙara wa igiyoyin ƙarfi, ya tafi. Da mutane suka watse, ya kawo wa uwar wani guntun igiya da yaron ya ƙulla ranar jarrabawa. Ba suna a jiki. Ya ce a cikin guda talatin ya gane ta, don yaron yakan bar wutsiyar ƙulli da tsawo. Tana nan har yau a aljihun teburin uwar.

To, a wannan shekarar sai ga takarda daga hedikwata. An ba kowace ƙungiya zaɓi, ta karɓi 'yan mata ko ta ci gaba da maza zalla, a aika amsa kafin ƙarshen wata.

Hedimasta ya karanta ta sau biyu, ya ninke.

"Ba wai ba za su iya ba," ya ce wa Kawu. "Na koyar da 'yan mata shekara talatin, na san abin da suke iyawa. Amma nan ne kaɗai wurin da yaro namiji zai ƙona shinkafa, ya ɗinka maɓalli, ya yi kuka don ya faɗo daga bishiya, ba ya duba wa ke kallonsa. Ka shigo da su, cikin wata guda mazan za su miƙa musu tukunya su koma gyara wuyan riga. Ranar da aka karɓe su, ranar zan ajiye usur."

Kawu ya gyaɗa kai, don a ranar shi ma haka yake gani. Ya kuma san mutumin nasa bai taɓa janye magana ba.

Asabar da ta biyo baya ya zagaya bayan katangar makarantar neman ƙwallon da yara suka harba. Sai ya tarar da wata bukka ta sanduna da buhunan siminti, 'yan mata uku suna zaune a ciki. Suna ganinsa suka miƙe za su gudu.

"Ku tsaya. Wa ya kafa muku wannan?"

Babbarsu, wata doguwa mai tabon biro a leɓe, ta ce, "Mu ne, Kawu."

"Wa ya koya muku?"

"Kai."

Ashe shekara biyu suna hawa bulo suna leƙe ta saman katanga duk Asabar. Kawu ya duba ɗaurin kusurwa, ya duba na sama. Ya kama sandar tsakiya ya saki nauyinsa duka a kanta, kilo tamanin da wani abu. Ko ƙara ba ta yi ba. Manyan yaransa sun kafa irinta makon jiya, iskar la'asar ta kwashe.

Ya dawo gida ba ƙwallo, ya kasa zama. Ya shiga kicin, ya fito, ya sake shiga.

"Baban Auta, ko dai ka zauna ko ka riƙe min ludayin nan," in ji matarsa.

"Ba ki gani ba ne. Ta katanga fa suka koya. In na samu yaran nan wata shida, gadar igiya za mu kafa, irin wadda nake ba ki labari."

"To ka karɓe su mana."

"Hedimasta fa?"

"Au, ashe da shi za a yi gadar."

Nan ne gizo ke saƙar da Kawu bai iya warwarewa ba. Shugabanni biyar ne. Sista, ma'aikaciyar jinya da ke koyar da taimakon gaggawa, tana so a karɓa. Mai Kyamis ma haka. Hedimasta ya ƙi. Tela kuwa duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi yake bi. Kowa ya ɗauka Kawu na bayan amininsa. In ya ɗaga hannu a gaban jama'a, abotar shekara da shekaru yake jin za ta tsinke. In bai ɗaga ba, yaran nan za su koma kan bulo.

Kwana biyu yana juya abin, sai dabara ta faɗo masa yana wanke ƙafa. Ƙuri'ar sirri za a yi. In ta fito uku da biyu, Hedimasta zai ɗauka Tela ne ya sauya. Tela zai sha harara na mako guda, kuma ya saba.

Ranar taron suka zauna a aji biyu, kan kujerun yara, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. A allo akwai ragowar lissafin jiya.

Sista ce ta fara. "Ni dai shekara tara ina koya wa 'ya'yan mutane ɗaure rauni, 'yata tana gida tana gwadawa a jikin kyanwa."

"Banɗaki fa?" in ji Tela. "Ɗaya ne a filin nan, ƙofarsa ma da dutse ake tare ta. In aka je sansani, wa zai kwana da su? Kun san bakin mutanen unguwar nan."

"Ni zan kwana da su. Ƙofa kuma ƙusa huɗu ce."

"Haka ne kuma," in ji Tela.

Mai Kyamis ya ce da yaransu sittin ne, yanzu ashirin da takwas, waya ta cinye sauran. Hedimasta ya maimaita maganarsa ta tukunya da maɓalli, a natse, ba ƙari ba ragi. Tela ya ce gaskiya wannan ma haka ne.

"Bahago, kai ba ka ce komai ba," in ji Hedimasta.

"Ni cewa nake a yi ƙuri'a a ɓoye, kada a ɓata zumunci."

"Da takarda? Na san rubutun kowa a nan. Naka ma daga bakin ƙofa nake gane shi."

Kawu ya riga ya shirya wa wannan. Ya zaro guntayen igiya biyar daga aljihu, tsayinsu ɗaya, da wani buhu. Kowa zai fita baranda shi kaɗai. Mai so a karɓa ya haɗa bakin igiyar biyu ya ƙulle, wanda ba ya so ya yi zarge, a jefa a buhu. Suka yi dariya, abin ya burge su. Mai Kyamis ya ce ya kamata a rubuta wa hedikwata su koya.

Da layi ya zo kansa, Kawu ya fita baranda. Hannunsa ya yi aikin kafin ya gama tunani. Ya jefa, ya dawo ya zauna yana kallon allo.

Sista ta zazzage buhun a tebur. Zarge biyu, haɗi uku.

"An karɓa," ta ce, tana danne murmushi.

Daɗi ya cika Kawu har ya ji kujerar ta yi masa kaɗan. Ya sunkuyar da kai yana ƙoƙarin ɓata fuska, a ransa kuma har ya fara auna igiyar gada.

Sai Mai Kyamis ya ɗauki ɗaya yana dariya. "Wannan na Sista ne, dubi yadda ta matse shi kamar ɗinkin tiyata."

"Naka kuma ga shi, sako-sako kamar ba ka karya ba," ta ce.

"Zargen nan mai baki daidai wa daida ai nawa ne," in ji Tela, yana jin daɗin an lura.

Dariyar ta ɗauke a lokaci ɗaya. Haɗi ɗaya ya rage a tebur, an juya shi ta hagu, an kuma ƙara masa ninki ɗaya irin na masu ɗaure tamfol. Mutanen da suka yi shekaru suna duba ƙullin yara suna faɗin mai shi, ba wanda ya tuna a cikinsu cewa nasu ƙullin ma zai tona su, har shi Kawun.

Hedimasta ya ɗauki igiyar ya juya ta a hannu.

"Shekara ashirin ina ce maka wannan ninkin ba ya cikin littafi."

"Mutumina, bari in gaya maka abin da na gani a bayan katanga."

"Da ka gaya min a gida."

Ya cire usur daga wuyansa, ya ɗora a kan rajista, ya tura su gaban Kawu. Ya yi wa kowa sallama ɗaya bayan ɗaya, ya fita.

Kwana goma sha tara ba su yi magana ba. Kawu ya je gidan sau uku, ana ce masa yana hutawa. Ya rage cin abinci, amma bai zauna ba. Ya kafa wa banɗaki ƙofa, ya wanke tantuna, ya yanka sababbin igiyoyi. Tela ya ɗinka ƙyallen wuya goma sha biyar, yana cewa shi dama can ra'ayinsa ke nan.

Asabar ɗin farko filin ya cika tun kafin takwas. Ƙyalle goma sha biyar bai kai ko'ina ba. 'Yan mata sun zo da takalman makaranta, wasu da iyayensu mata, doguwar mai tabon biro tana gaba ta riga ta jera ƙannenta. Mazan sun taru gefe guda suna kallo. Kawu ya busa usur, ya fito da wata ƙara kamar ta ɗan tsako, fili ya kwashe da dariya, shi ma ya yi. Yana tafe yana ƙirga kawuna, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Sai ya hango lema a bakin ƙofar makarantar. Hedimasta ne, da farar rigarsa a goge, yana tsaye a waje. Kawu ya miƙa wa Sista rajista ya nufe shi.

"Ka shigo mana."

"Na ce na ajiye, na ajiye." Hedimasta bai kalle shi ba, filin yake kallo. "Su nawa ne?"

"Ashirin da shida."

"Da bakwai. Akwai wata ƙarama a bayan tanki, tun ɗazu take leƙowa tana komawa. Ko ƙirga ba ka iya ba, Bahago. Jeka ka taho da ita, ina nan."

Kawu ya juya ya nufi tankin, yana sauri har yana haɗawa da gudu.