Wayar Kaka da Sunan Ɗan Fari

Shekaranjiya ina cikin motar haya daga Dei-Dei zan shiga gari, wayar wani dattijo ta yi ƙara a bayana. Irin 'yar ƙaramar wayar nan ce mai tocila a ka, wadda kukanta ke huda kunne kamar na gyare. Kowa ya ci gaba da harkarsa, ni kuwa sai da na riƙe kujerar gabana. A daidai lokacin rediyon direba na kawo rahoton zaman majalisa, ana muhawara a kan baƙi masu neman mafaka da tsaron iyaka da dokar wayoyi, kamar ba a taɓa yin ta ba. Waɗannan biyun da suka haɗu mini su suka sa nake ba ka wannan labari.

Ina da shekara bakwai muka baro garinmu, wanda ke can ƙetaren iyaka. Masu bindiga suka shigo da hantsi, ranar kasuwa. Mahaifiyata ta rasu tun ina goye, saboda haka mu uku ne a gida, ni da Baba da mahaifiyarsa, wadda nake kira Kaka. Baba mai fataucin shanu ne, yakan kawo su Abuja. Ya ɗora mu a bayan wata motar shanu, ya ce zai koma ya fito da ƙanwarsa da ke aure a bayan kasuwa. Kafin motar ta tashi ya danƙa wa Kaka wayarsa, mai layin ƙasar nan.

"Inna, kada ki bari ta mutu," in ji shi. "Lambar nan kaɗai na haddace. Zan kira."

Ganina da shi ke nan.

Muka sauka a Dei-Dei, gidan dillalin da Baba ke sauka wurinsa idan ya kawo shanu kara, wato kasuwar dabbobi. Kowa maigida yake ce masa, mu ma haka muka kira shi. Ya ba mu ɗaki a bayan gida, kusa da inda ake tara dusa. Har yau in na ji warin dusa da kashin shanu bayan ruwan sama, ɗakin nan nake gani, da tabarma ɗaya da butar roba da ƙusar da Kaka ke rataye carbinta.

Kaka ta ɗinka wa wayar 'yar jaka, ta ɗaure ta a ƙugu. Da ita take salla, da ita take shiga wanka a cikin leda. In matar maigida ta kunna janareta za a yi caji, Kaka takan shimfiɗa ɗankwali ta zauna gaban wayar kamar mai jinya. Matan gidan har tsokanarta suke yi, wai Kaka ta yi sabon miji, kuma mai kishi ne. Takan yi murmushi, amma ba ta ɗaga ido daga kanta. Wayar takan yi ƙara jefi-jefi, masu neman shanu ne ko waɗanda suka yi ɓatan lamba. Duk ƙarar da ta yi sai Kaka ta yi wuf ta ɗauka. Haka muka ci bazara, damina ta shigo.

Maigida mutum ne mai son rediyo. Bayan la'asar yakan zauna a rumfar ƙofar gida da sauran dillalai, ni kuma in laɓe a jikin katanga ina ɓare gyaɗa. A wannan daminar aka yi kwanaki ana kawo muhawarar majalisa. Wasu 'yan majalisar suna cewa a ƙara sojoji a iyaka, domin miyagu na shigowa cikin ayarin masu gudun hijira. Wasu suna cewa mutanen ƙetare 'yan uwa ne, a ba su mafaka, a zauna da gwamnatinsu a yi magana. Sai zancen ya gangaro kan wayoyi, wai masu satar mutane na amfani da layukan da ba a san masu su ba. Ban zarge su ba, gaskiya suka faɗa. Dillalai suka rabu gida biyu suna ta musu, kowa ya zama gwanin harkar ƙasashen waje alhali shanu ne a gabansa.

Kaka ta tambayi maigida ko wannan majalisa irin fadar mai gari ce, ta je ta durƙusa ta faɗi nata. Ya yi dariya, ya ce ko shi da ya shekara talatin a Abuja bai taɓa wuce ƙofarta ba. Bayan 'yan kwanaki rediyo ta faɗi abin da aka tsayar. Duk layin da mai shi bai je ya sabunta rajistarsa ba, za a rufe shi idan wa'adi ya cika. Maigida ya rage muryar rediyon, ya dubi ƙugun Kaka.

Washegari ya kai mu shagon rajistar layi a bakin titi. Mai aikin wata mata ce Kirista daga tsakiyar ƙasar nan, da ɗan giciye a wuya, Hausarta irin ta Abuja, ba ruwanta da namiji ko mace. Ta duba takardar neman mafakar da aka ba mu, ta ce akwai hanya. Idan mai layi ya ɓata, ana iya mayar da shi ga mahaifiyarsa, muddin ta faɗi cikakken sunansa da bakinta, ya yi daidai da wanda ke cikin kwamfuta.

"Mama, ka faɗa sunan yaronka kawai," in ji ta. "Minti biyu mun gama."

Kaka ta ja mayafi ta rufe baki.

A nan sai na tsaya in yi maka bayani, don yaran yanzu ba su san wannan ba. Baba ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kuma da ita ake auna mace. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Kaka ta ce komai ba sai "yaron nan" ko "wancan". Ita kuma tata ta fi ta kowa nauyi, domin mahaifiyarta ta gaya mata cewa sau ɗaya uwa ke kiran wannan suna, ranar da aka shimfiɗe gawarsa a gabanta. A wurin Kaka, faɗin sunan daidai yake da yarda cewa ya mutu.

Matar ta juyo gare ni, ta ce to ni in faɗa. Na buɗe baki na ce Baba. Iyakar abin da na sani ke nan. Ba wanda ya taɓa faɗin sunansa a gidanmu, a waje kuma laƙabi ake kiransa da shi. Maigida ma laƙabin ya sani, shekara da shekaru suna ciniki. Ya gwada shi, kwamfuta ta ƙi. Kaka ta ce ai sunan limamin garinmu ne da shi, amma wa ya san limamin garinmu a Dei-Dei? Maigida ya fara jero sunayen maza don ta gyaɗa kai in ya dace, sai ta miƙe ta fita daga shagon. Matar ta saci idon oganta, ta ɗan juyo mana da fuskar kwamfutar. Sunan yana nan a rubuce, ina ganin baƙaƙen, amma a cikinmu ba mai karatun boko. Maigida ajami kawai ya iya.

Kwanakin da suka rage Kaka ta ƙare su a kara. Duk motar shanun da ta iso daga arewa sai ta ja hannuna mu je, muna kutsawa cikin laka da ƙahonni, tana tambayar direbobi ko akwai ɗan garinmu, wanda zai faɗi sunan a madadinta. Ba mu sami ko ɗaya ba. Matar maigida ta yi mata magana, limamin unguwa ya aiko cewa wannan ba addini ba ne, al'ada ce, kuma lalura ta ɗauke ta. Kaka ta ce ta ji. Ta daina cin abinci sai koko. Ni kuwa haushinta nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Na taɓa ce mata ba ta son Baba, ta dube ni kawai ta ci gaba da jan carbi. Wannan maganar tana cikin abubuwan da nake roƙon Allah ya yafe mini.

Ranar da wa'adi ya cika aka tashi da ruwa. Kaka ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau guda ɗaya, ta ce in taso. Layin mutane ya kai har bakin kwata, kowa ya bari sai ranar ƙarshe kamar yadda muka saba. Ba mu kai gaban teburin ba sai bayan azahar. Matar ta gane mu. Kaka ta ajiye wayar a kan tebur, ta sauke mayafin daga bakinta, ta faɗi sunan, nasa da na mahaifinsa, da ƙarfi, har na bayanmu suka ji. Ranar na fara jin sunan ubana.

Matar ta buga, ta sake bugawa. Ta ɗauki wayar ta duba, ta kira oganta, suka yi magana da Turanci. Sai ta riƙe hannun Kaka.

"Sunan daidai ne, Mama. Amma sun riga sun rufe layin. Tun safe."

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta mayar da wayar cikin jaka, ta ɗaure a ƙugu. Sai da muka kai bakin titi ta ce, ba da ni take ba, "To na kashe shi a banza."

Ta ƙara shekara shida a duniya, kuma ba ranar da ba ta yi wa wayar nan caji ba. Da farko mukan ari wayar maigida mu kira lambar, a ce mana ba ta aiki, har muka gaji muka bari. Ba wanda ya gaya mana cewa layin da aka rufe ana sake sayar da shi. Sai da na girma, na yi karatu, na sayi wayata, sannan wata rana da rana tsaka na danna lambar don kawai in ji ta a yatsuna. Ta shiga. Wata ma'aikaciyar jinya ce a Gwagwalada ta ɗauka. Na yi mata bayani ina in'ina. Ta ce lokacin da ta sayi layin, shekarun baya, akwai wani mutum da ya yi watanni yana kira daga wata lambar waje. Kullum abu ɗaya yake tambaya, ko Inna ce. Takan ce masa ya yi ɓatan lamba. Daga baya ya daina, ita kuma ta canza waya tun tuni, lambar mutumin ta tafi da tsohuwar wayar.

Ashe yana da rai a lokacin, Kaka na zaune gaban janareta.

Na kai sunansa duk ofishin da ake neman waɗanda suka ɓata, yanzu da na san shi. Har yau shiru. Majalisa kuma tana nan tana muhawara, sababbin fuskoki, tsohon zance, kuma na san a wani ɗakin bayan gida akwai wata tsohuwa da ke ji ba ta san da ita ake ba.

Ni ma uwa ce yanzu, ina da ɗa, na fari, shekararsa huɗu. Ina kiran sunansa a tsakar gida, a kasuwa, a gaban surukaina. Tsofaffin unguwa suna cewa ba ni da kunya, na kuwa yarda. Kowace safiya kafin ya sha koko sai ya faɗa mini cikakken sunana da na ubansa da na kakansa Baba, sannan ya karanto lambar nan tasa, wadda yanzu ta wata ce.