Wuta a Ƙarƙashin Wayit

Mu huɗu ne a gaban wayit, motar ruwan da wana, Yaya, ke tuƙawa: shi, ni, Umma, da yayata wadda naƙuda ta kama tun kafin asuba. Daga gonar dabinon da mijinta ke gadi muka taso, ta hanyar Bi'ir Ali inda masu umara ke ɗaura harami, za mu mustashfa, wato asibiti. Sanyin ranar har cikin haƙora yake shiga.

Ba mu yi nisa ba injin ya fara tari. Yaya ya taka mai, motar ta ƙi ja, ta ɗan gangara ta mutu a gefen titi.

"Filta ce," in ji shi. "Dizal ɗin duron gona na zuba jiya. Da ruwa a gindinsa, ga sanyi, ta toshe."

"Ban ce ka sha a gidan mai ba?" Umma ta ce.

"Ba yanzu ba, Umma."

Ya sauka yana ta danna famfon hannu na jawo mai, mai ya ƙi hawowa. Motocin masu umara na wucewa, fararen harami a tagogi, ba wadda ta tsaya. Yayata ta damƙe hannuna, ta ce kan ɗan ya sauko. Sauke ta ƙasa ba zai yiwu ba.

Sai na ga Yaya ya naɗa tsumma a sanda, ya jiƙa da dizal, ya ƙyasta ashana ya kunna. Haka direbobi ke yi, wai a gasa filta man ya saki.

"Zo ki riƙe," ya ce min. "Kar harshen ya taɓa tiyo. Isbiri, ki daure, ki tsaya cak."

Na durƙusa a ƙarƙashin motar da wuta a hannuna, tankin mai a gefen kaina, nishin 'yar uwata a samana. Ayar da na fara ja ta ɓace min a tsakiya.

"Ja baya," in ji Yaya.

Ya danna famfon, ya danna, mai ya feso da kumfa har hannun abayata. Ya karɓi sandar ya taka wutar da takalmi, ya haye. A murɗawa ta uku injin ya kama.

A mustashfa suka shige da yayata da gudu. Ni kuwa nas ta tare ni a ƙofa, wai warin dizal nake yi. Daga nan bakin ƙofa na ji kukan jaririyar, na zame na zauna a ƙasa. Har yau in na kunna ashana sai na tuna ƙarƙashin wayit ɗin nan.