Shekarar da Mama Yemima Ta Kama Bakinta

A wani ƙauye bayan Samaru Kataf, in kana son labari ya zaga gari kafin tuwo ya nuna, kai shi injin Mama Yemima. Mijinta ya rasu ya bar mata injin niƙa da 'yar gonar masara a bakin hanya, da su ta yi rainon 'ya'yanta. Ƙarar injin ta saba mata da ɗaga murya, ko raɗa ta yi sai an ji a ƙetaren rafi. Mata suna ce mata Gidan Rediyo, ita kuwa ta amsa har da rangaji.

Shekarar korona aka rufe coci, aka rufe kasuwa. Malamin gona Gregory, wanda ya saba yi wa manoma bayani bayan sujada, dokar kulle ta riƙe shi a Kafanchan. Ana cikin haka tsutsa ta faɗa wa masara. Hankalin Yemima ya tashi ƙwarai, don in rumbuna suka kwana wayam, me za a kawo niƙa? Injin ya yi tsatsa, ita ta kwana da yunwa ke nan.

Gregory ya kira ta a waya. "Mama, ki taimake ni, shagunan magani duk a rufe. Ki gaya musu su gauraya toka da yashi mai laushi, su zuba kaɗan a tsakiyar kowace masara, inda sabon ganye ke fitowa. Nan tsutsar ke ɓuya."

Ta kuwa faɗa wa duk wanda ya kawo niƙa, takunkumin fuska bai rage mata murya ba. Amma wa ya saurara? Baba Ezekiyel, dattijon coci, ya ce, "Yemima, toka ai ta wanke tukunya ce. Da furfurata zan koyi noma ta waya?"

To, Yemima ta san mutanenta. Shawarar kyauta ba ta shiga kunnensu, amma dabarar da maƙwabci ya ɓoye, ko ƙarƙashin dutse take sai sun tono ta. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da uwarta ta haife ta, ta kama bakinta.

Kullum da safe ta shiga gonarta da kwano rufe da zane, tana waige-waige kamar ɓarauniyar kaza. Wanda ya tambaya, ta ce, "Ba komai." Shirun ya wahalar da ita, har ciwon kai ta yi, amma ƙauyen ya fi ta shan wuya. Ga masararta ta soma fitar da ganye lafiyayye, ga Gidan Rediyo a kashe.

Maƙwabciyarta Faustina ce ta kasa haƙuri, ta tsaya daga kan iyakar gona tana roƙo. Yemima ta dubi gabas ta dubi yamma, ta buɗe kwanon. "Tokar nan ce dai da yashi. Amma don Allah kada Baba Ezekiyel ya ji, tunda ya raina ta."

Kafin Lahadi toka ta yi wuyar samu a ƙauyen. Mata suka riƙa ɓoye ta murhunsu, mazajensu na sacewa.

Masara ba ta tsira duka ba, amma rumbuna sun samu. Da kaka layin niƙa ya kai gindin mangwaro, Yemima ta yi fari fat da gari, farin ciki kamar ya kashe ta. Baba Ezekiyel da kansa ya kawo buhu a kan keke. Ya matso kusa, ya rage murya.

"Yemima, ke tawa ce, shi ya sa zan gaya miki. Baɗi in tsutsa ta dawo, ki gwada toka da yashi. Dabarar kakanninmu ce. Kada kowa ya ji."

"Na gode, Baba," in ji ta, har da rusunawa.

Ta jira ya ɗaure garinsa, ya hau keke. Sannan ta kashe injin, don na ƙarshen layi ma su ji labarin da kyau.