Fuskokin da Na Ƙulle a Ƙyalle

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da Ummu Salim, wadda muke ce wa Hala, wato inna, ta zare hannunta daga jakata ta goge shi a jikin abayarta. Ita ce mai gadin ƙofar ma'aikata mata a babban kantin da ake tura ni, kuma doka ce duk mai fita sai an duba jakarta. Kullum da wasa muke rabuwa. Takan ce, "Ya Hawwa, yau ma ba ki sato mini miji daga kantar ba?" Ran nan ba wasa. Ta ja da baya, leɓenta yana motsi. Na gane addu'ar neman tsari take karantawa, sai daga baya na gane daga ni take neman tsarin.

Bari in koma baya kaɗan, saboda ku sababbi da kuka zo kuka tarar da kayanmu zaune a kanti kamar can ma haka suke. A 2017 ne, bayan alhazai sun watse. Ustaz Bashir, mai kamfaninmu, ɗan unguwar Hindawiyya ne a nan Makka, kakansa daga Sakkwato ya zo. Ya daɗe yana shigo da mutum-mutumin jaruman zane na Japan, waɗanda mahaifiyata take kira 'yan tsanar manya, yana sayar wa samari ta waya, su zo sito su karɓa. Burinsa ya ga kayan a manyan kantuna, inda iyali suke tura keken sayayya. Ya sha zarya kafin kanti ɗaya ya yarda a gwada, shi ma da sharuɗɗa. Kayan namu ne har sai an saya. Ba a kawo mutum-mutumin mata. Waɗanda za a jera cikin gilashi don a gani kuwa, mudir, wato shugaban kantin, ya ce a cire musu fuska, kamar yadda ake cire kan mutum-mutumin da ake rataya wa tufafi.

Cire fuskar ba wuya. Japanawa da kansu sun yi su a haka: kowane jarumi yana zuwa da fuskoki na canji, ta fushi da ta dariya, da ƙananan hannuwa, da makamansa. Aikina shi ne jera su da share su. Abu biyu Ustaz ya dasa mana tun ranar farko. Kwalin da bai rabu da liƙin kamfani ba, ba a taɓa shi sai da safar hannu, domin masu tara irin kayan nan sukan ɗaga kwali a haske su juya shi kamar mai sayen zinariya, kuma da zarar an yanke liƙin, darajarsa ta zube. Na biyu, ko ɗan yatsa ɗaya na samfuri kada ya ɓace.

To, ina zan zuba fuskokin? Na yi yadda na tashi na ga ana yi a gidanmu a unguwar Tandabawi, yadda mahaifiyata take ajiye kanwa da daddawa. Na yayyanka tsohon mayafi, na ƙulle kayan kowane jarumi a ƙyallensa, na ɗaure da jan zare. Don kada su rikice mini, na farko a gilashi ƙulli ɗaya, na biyu ƙulli biyu, haka har ƙarshe. Ranar nan na zuba su a jaka ne zan mayar sito.

Ummu Salim ɗaya kawai ta kwance. Abin da ta gani: fuskar mutum ba jiki, hannuwa yankakku, da wasu 'yan takardu dogaye masu jan rubutu da ba wanda ya san shi. Na wani jarumi ne da a labarinsa yake korar aljanu da takardu.

"Hala, kayan wasa ne," na ce mata.

"Kar ki matso," ta ce. "Wa kika yi wa?"

Aka kai ni wani ɗaki bayan wurin masu karɓar kuɗi, aka karɓe wayata. Jakar tana kan tebur, ba mai son ya tsaya kusa da ita. Mudir ya shigo. Na ji sanyi da na gan shi, tunda shi ya ce a cire fuskokin. Na tuna masa. Ya dubi ƙullin ya dube ni, ya ce, "Na ce a cire. Ban ce a ɗaure da zare ba." Ya riga ya kira hukuma.

Wanda bai tashi a Makka yana baƙar fata ba, ba lalle ya gane abin da kalmar sihiri take yi wa cikin mutum ba. A Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, takardunmu cikakku ne, amma na san wa ake fara duba idan an tsinci ƙulli a ƙofar wani. Akwai matar da aka ɗauka a layinmu ina ƙarama kan irin wannan zargi. Na gama sakandare ba ta dawo ba, kuma 'ya'yanta har yau da sunan ake kiran su. Matar nake ta gani a raina a ɗakin nan.

Bayan azahar wani jami'i ya zo, dattijo mai furfura a gemu, tare da wata ma'aikaciya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in kwance ƙullin da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, shi yana karatu. Da ƙyar zaren ya kwantu. Fuskoki suka yi ta zubowa kan tebur, wasu suna dariya. Ya ɗauki takarda ɗaya da bakin alƙalami.

"Wa ya rubuta wannan, ya binti?" in ji shi, wato 'yata.

Na kira shi baffa da Larabci: "Daga kamfani take zuwa, ya ammi. A cikin kwali."

"Kina da shaida?"

Na ce a ɗauko na gilashi, in mayar musu da fuskokinsu ya gani. Aka ɗauko, na mayar, suka zauna daram. Ya gyaɗa kai. Ya ce fuska ya yarda, amma takarda ba ta da gurbi a jikin roba, kowa zai iya rubutawa ya cusa. In dai daga kamfani take, to a kawo kwalin da ba a taɓa buɗewa ba, a buɗe a gabansa.

Kwali ɗaya tak ya rage na jarumin nan, na musamman, irin wanda ba a sake bugawa, kuma wani ya riga ya kama shi. Takardun suna can ƙarƙashin roba, ba a ganin su daga waje. Mudir ya ce shi ba zai yanke liƙin kayan da ba nasa ba. Ummu Salim ta ce ko da kuɗi ba za ta taɓa ba. Na zauna ina kallon kwalin. Mutum huɗu a ɗaki, ni za a tafi da ni, kuma ana ta kewaye kwali kamar mai barci.

Jami'in ya miƙo mini wayata ya ce in kira mai kayan. Ustaz yana Jidda wajen fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa. Sai a kira na uku ya ɗauka. Ban taɓa ce masa komai ba sai Ustaz, amma bakina ya ce, "Kawu." Da Larabci muke aiki kullum, shi ma sai ya juya harshen gida.

"Ɗiyata, mi ya faru?"

Na faɗa masa a rarrabe, ban san ko ya fahimta ba. Na ce sai an yanke liƙin na musamman ɗin. Ina jiran ya ce a jira shi ya taso, ko a nemo wata hanya. Mutumin da ya taɓa hana wani yaro aiki mako guda saboda zanen yatsa a kwali.

Ya ce, "Shi kika tsaya tambayata? Ba shi wayar." Na miƙa wa jami'in, ina jin muryar Ustaz tana fita har inda nake zaune. "Yanke shi, ya shaihi. In bai isa ba, yanke duk na kantar."

Jami'in ya sa 'yar wuƙa ya tsaga liƙin. Ya zaro robar, ya ɗaga. Ga takardun nan a 'yar ledarsu, jan rubutu iri ɗaya. Ya jera su kusa da nawa, ya daɗe yana dubawa, harafi da harafi, shi da bai san rubutun ba.

Abin da nake so ku riƙe, ku da za a tura kantuna, shi ne wannan. Masu zuwa sito sun san abin da suke saye. A babban kanti kuwa, kayanmu suna wucewa ta hannun mutanen da ba su taɓa ganin irinsu ba, kuma abin da ido bai sani ba, da abin da ya sani yake auna shi. Shi ya sa yanzu kowane guntu yake komawa cikin kwalinsa a gaban mai gadi, ba ya shiga jakar kowa. Ban ga laifin Ummu Salim ba. Da mahaifiyata ce ta tsinci ƙullin nan a jakar wata, abin da za ta yi ke nan.

Ana kiran sallar la'asar ta lasifikar kantin, ana sauke ƙofofi, jami'in ya tura mini jakata da hannunsa, ba da alƙalami ba.

"Halas, ya binti. Ba komai a kanki. Je ki gida."

Na ce to. Na dafa tebur na tashi. Ma'aikaciyar da aka zo da ita don ta tafi da ni, ita ta kama hannuna ta raka ni bakin ƙofa.