Akwatin da Na Zaunar da Baƙo a Kai

Shekarar da ruwa ya ɗauke bayan shuka ta biyu, gero ya bushe a tsaye tun bai kai gwiwa ba. Wata ƙungiya ta ce za ta raba iri mai jure fari, amma sai wanda sunansa ya shiga kwamfuta. Ni ne magatakardan manoman yankinmu, daga Gangara har wasu ƙauyukan ƙasar Isa. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka ƙanena, wanda ya yi shekaru yana koyarwa kafin ya koma gona, shi ke buga sunayen a ofishinmu na Sabon Birni.

Kwamfutar tsohuwa ce, da sola take aiki. Waɗanda suka kawo ta sun ce Linux ke cikinta, ba irin ta shagunan kasuwa ba. Da maus ɗinta ya mutu, na sayo wani marar waya wurin wani ɗan kasuwa mai zuwa Maraɗi. Tare da kibod ya zo, da ɗan tsinke guda da ake soka wa kwamfuta. Na ga kibod ɗinmu mai waya lafiyarsa lau, sai na ajiye sabon cikin akwatin kwano na takardu, a saman takardun, na rufe. Ban gaya wa kowa ba. Ban ga abin faɗi ba.

Kowane ƙauye da ranarsa. Wakilin Tozai, wani Alhaji mai jiki, in ya zo karanta sunayen mutanensa, nakan shimfiɗa buzu a kan akwatin nan in zaunar da shi, don ba mu da kujerar da ta dace da baƙo.

Tun zuwan Alhajin na farko ƙanena ya ce, "Yaya, injin ga shina cin rubutu."

Na ce, "Yunwa ta kai har ga inji? Buga mu tafi."

Ya kashe ya kunna, ya sauya ramin da ake soka waya, ya hure ƙasa daga maɓallai. Abin ya lafa, ya dawo. Washegari da mutanen Gangara suka zo, ko harafi bai ɓace ba.

Da takardar rabo ta fito, gidajen Tozai da yawa babu su. Mutane sun zo da buhuna sun koma da su a naɗe. Kowa kuwa ya san ƙanena na da tsohuwar gardamar iyakar fadama da wani mutumin Tozai. Alhaji ya tsaya a bakin ofis ya ce, "Injin da ya san Tozai daga Gangara, hannun mutum garai."

A nan na yi abin da har yau ke hana ni sukuni. Gaban jama'a na juya ga ƙanena na ce, "Ka ci amana, ka kunyata gidanmu." Ya dube ni baki buɗe. Ya ajiye makulli a kan tebur ya fita.

Bayan kwana uku ƙungiyar ta turo wata malama daga Sakkwato. Na kira Alhaji ya zama shaida, na zaunar da shi inda ya saba. Malamar ta buɗe jerin sunaye, ta naɗe hannuwanta. Ina kallo, layuka suka soma gudu suna ɓacewa, ba wanda ya taɓa komai. 

Alhaji ya zabura yana salati. Yana miƙewa, abin ya tsaya cak.

"Alhaji, don Allah koma ka zamna," in ji malamar. Ya zauna a ɗarare, sunaye suka ci gaba da tafiya. Ta zare ɗan tsinken maus, suka tsaya. Ta mayar, ta buɗe wani baƙin allo ta buga 'yan kalmomi, jerin duk abin da ke haɗe da injin ya fito. Ta sa yatsa kan allon.

"Baba, injin ga kibod biyu shika gani. Ina na biyun?"

Na ce guda muke da shi. Ban rufe baki ba idona ya faɗa kan buzun.

Na ɗaga murfin akwatin. Ga sabon kibod ɗin nan kan takardu, batir a ciki. Murfin kwanon ya lotsa daidai kan maɓallin gogewa. Malamar ta ce tsinke guda ke sauraron maus da kibod, injin kuma ba ya tambayar wa ya danna, duk wanda ya zo karɓa yake. Maɓallin yana cinye layukan da ke ƙasa, inda mai bugawa bai cika dubawa ba.

Alhaji ya dafe kai. "Ashe ni na zamne mutanena!"

Ba wanda ya yi dariya. Ni na san wanda ya ajiye, na san wanda ya shimfiɗa buzu.

An gyara jerin, Tozai ta sami abin da ya rage na iri. Ni kuma ran Juma'a bayan an sallame na miƙe na faɗi komai da bakina, don a gaban mutane na ɓata ƙanena. Daga nan na ce za ni gona in same shi. Na tarar yana tone busassun ramuka. Na durƙusa, ni da na goya shi yana yaro.

Ya ce, "Tashi, Yaya, na yafe. Amma na gaya maka injin shina cin rubutu. Sau ɗaya ba ka ce in nuna maka ba."

Muna gaisawa, muna cin tuwo kwano ɗaya. Makullin ofis kuwa na kai masa har sau uku. Kullum sai ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya mayar mini.