Zakaran da Inna ta kai bakin kogi

Waɗanda suka sauka bakin kogi ta ƙasan Malali a ranar Lahadin Ista ɗin nan, shekara ta biyu da barowarmu ƙauye, har yau ina iya lissafa su. Akwai Fasto Bulus, ya naɗe wando zuwa gwiwa. Akwai Dattijo Ayuba mai tantance masu shiga ruwa, mutum marar wasa. Akwai Iya Saratu shugabar matan zumunta da tulun da take bugawa in ana waƙa, da Babana, da wasu mata biyu da za a yi wa baftisma. Sai Innata Kande cikin farar riga, rungume da farin zakara, ni kuma ina bayanta riƙe da zanen da za ta canja.

Lokacin Malali rabinta gonaki ne da itatuwan mangwaro. Baba na kula da lambun gidan wani ma'aikacin gwamnati a Unguwar Rimi, ya fita da asuba sai yamma. Ni ba a sa ni boko ba, tsakar gida ce makarantata: surfe, ɗebo ruwa, korar awaki daga tumatirin da Inna ta shuka a bayan ɗaki, in na samu sarari in yi carafke da 'ya'yan maƙwabta. Abin da na fi koya wurin Inna shi ne kwano ba ya komawa gidan mai shi wofi. In matar malamin allon da ke jikin gidanmu ta aiko da waina, ko daddawa ce sai Inna ta zuba kafin in mayar. Takan ce, "Ba a haife ni in ci na banza ba."

Baba ya bi Almasihu tun muna ƙauye, Inna kuwa ta daɗe tana kallo. Mahaifinta shi ke riƙe da tsafin gidansu, kuma ba a zuwa wurin tsafin hannu wofi. Da ta yarda, ta zauna ajin baftisma damina da rani, ba ta fashi, duk abin da aka faɗa ta riƙe shi a ka. Amma tana ta ba zakaran nan tsaki a gefe, ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Da Dattijo Ayuba ya ga farin zakara a bakin ruwa, sai ya ɗaga hannu, waƙa ta tsaya. Shi ma ɗan ƙasarmu ne, ya san wa ake yanka wa irinsa a gefen rafi. Ya ce wannan matar ƙafarta ɗaya na can baya, ba za ta shiga yau ba, ta koma aji sai baɗi. Baba ya sunkuyar da kai. Inna ba ta sunkuyar ba. Ta ce ita ba yanka ta zo yi ba, tukuici ne ta kawo. An ce za a ba ta abin da ya fi kome girma, ga rigar jikinta ma ta aro ce, to yaya za ta miƙa hannu haka nan kamar wadda ba ta da tarbiyya?

Fasto bai yi mata faɗa ba. Ya fito daga ruwa ya tambaye ta ko ita ta ɗinka rigar, ta ce a'a, ta matan zumunta ce, Iya Saratu ta sa mata. Ya ce to haka adalcin da Allah zai gani a jikinta yake, ba nata ba ne, na Yesu ne aka yafa mata. Hadaya an gama ta a kan gicciye, babu sauran abin ƙarawa, ruwan kogin ma shaida ce kawai, bangaskiya ce ke karɓa. Ya ce in ya amshi zakaran, har ta mutu za ta riƙa jin ita ma ta sa wani abu a ciki.

"Kande," in ji shi, "ko ki shiga hannu wofi, ko ki koma gida da zakaranki. Zaɓi ya rage naki."

Ta daɗe a tsaye, rana na dukan duwatsu. Na san fuskar nan, ita take yi in an taɓa mutuncinta, har na fara naɗe zanen don na ɗauka tafiya za mu yi. Sai ta juyo ta ɗora mini zakaran a ƙirji, ta je gaban Dattijo Ayuba ta buɗe masa tafukanta biyu.

"Dattijo, duba da kyau. Ba ni da kome."

Ya duba ɗin kuwa, sannan ya kauce mata. Na ga mata da yawa sun shiga ruwa bayan nan, ban ga wadda ta taka da nauyi kamar Innata ba. Ba ta daina cika kwanon mutane ba har ta koma ga Ubangiji, sai dai ta daina ɓacin rai in an yi mata alherin da ba ta iya ramawa.

Yanzu gidaje sun cinye hanyar da muka bi, baftisma ma a kwarmin siminti ake yi a cikin coci. Ina zaune ina jin yara na cewa sai ka kai wani abu mai tsoka kafin Allah ya saurare ka. Jikokina dai sun san ba a kawo mini wannan zancen a gida. Wanda ya ga hannuwan nan a buɗe ba ya ruɗuwa.

Washegarin baftismar Inna da safe na gama shara, na wanke ƙafa, na tafi gidan Dattijo Ayuba ni kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, na ce a sa ni a ajin baftisma. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in jira in ƙara girma. Na ce zan jira, amma a san na zo.