Hannuwan da na ƙi dubawa

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma ne, ranar wata Laraba, mun fito daga sallar La'asar ke nan. Mu uku ne a gidan: ni a zaure bisa tabarma, ƙanena a gefena yana gyaran rediyo, mai ɗakina kuma tana ciki tana tankaɗe. A lokacin ina da shekara hamsin da ɗaya. Ɗinki ne sana'ata a Gazawa, amma in kaka ta yi aka buɗe filin kokowa, ni ne alƙalin fili. Lakol, wato makarantar boko, ban wuce aji shida ba, sai dai an san ni da tsari da rashin wasa. Kafin kowace karawa abu uku nake yi. Na farko in shafa jikin ɗan kokowa in ji ko ya sa mai. Na biyu in lalubi layunsa ko da ƙarfe a ciki. Na uku ya miƙo hannu biyu in duba farcensa, wanda nasa ya yi tsawo ya yanke a gabana.

Aka yi sallama, kuma tun ban ɗaga kai ba na gane muryar.

Sai na koma baya kaɗan don a fahimce ni. Shekara uku kafin wannan rana, babban ɗan kokowar garinmu, wanda da kokowa yake ci yake ciyar da gidansu, ya yi faɗa da wani ɗan kabu-kabu a tasha. Ba'a kawai mutumin ya yi masa kan kayen da ya sha a makon da ya wuce. Ɗan kokowar ya sure shi sama ya maka shi a kan dakalin siminti, ƙugun mutumin ya karye. Tashar cike take da mutane, amma da jandarma suka zo kowa ya ce bai ga komai ba, saboda yaron abin alfaharin gari ne. Ni na ce na gani, kuma na maimaita a gaban shari'a. Aka ɗaure shi shekara uku. Tun daga nan ba na rasa mai zuwa shago ya raɗa mini cewa ranar da ya fito daga kaso zai ɓalla ni gida biyu. Na daina bin hanyar unguwarsu. Na ƙara sakata a ƙofa. Ina ƙirga watanninsa fiye da yadda uwarsa take ƙirgawa.

To shi ne a ƙofar zaurena. Ya cire takalmi, ya sunkuya ya shigo, ya tsuguna nesa da tabarma. Ya kira ni Baba alƙali, ya tambayi iyali da aiki. Sannan ya ce ya je wurin komitin kokowa yana roƙon a mai da shi fili, suka ce masa in ni da na ba da shaida ban da ja, su ma ba su da ja. Ya ce shekararsa talatin, kaka biyu ko uku suka rage masa, kuma ba shi da wata sana'a. Har ya yi raha, wai tuwon kaso ya zuge shi, yanzu ko ƙanena zai iya kayar da shi. Ƙanena ya yi dariya. Ni ban yi ba, ƙofar cikin gida nake kallo ina auna taku nawa ne tsakanina da ita. Daga nan ya miƙo hannuwansa biyu, bayansu a sama, daidai yadda ake miƙo mini a fili, ya ce in duba kamar yadda na saba. Farcen a yanke suke ƙwal, har sun shiga nama. Ban taɓa su ba. Ƙugun ɗan kabu-kabu kawai nake gani. Na ce ya je, zan yi magana da su.

Washegari ƙarfe tara na safe ina buron komiti, wato ofishinsu. Na gaya wa shugaban cewa yaron ya zo har gida ya zura mini hannuwa a fuska. Na ƙara da cewa ya ce in ban yarda ba zan ga abin da zai same ni. Bai faɗi haka ba, Allah ne shaida. Tsoro ne ya sa na ga cewa in ya koma fili, kowace karawa sai na tsaya tsakanin hannuwan nan. Aka soke sunansa. Ba wanda ya tambayi ƙanena, kuma a gidanmu ƙane ba ya ƙaryata wa. Amma daga ranar ya daina zama da ni a zaure.

Bayan shekara biyu ɗan kabu-kabun ya kawo mini wando in rage masa ƙafa ɗaya. Muna hira ya ce mini tun kafin yaron ya zo wurina, wurinsa ya fara zuwa ya durƙusa, kuma damina biyu ke nan shi yake nome masa gona. Ya ce bai gama yafe masa ba, don ƙugun yana hana shi barci lokacin sanyi, amma da an bar shi ya koma fili da ya je kallo, gara ya kayar da ƙarti irinsa a inda akwai usur da alƙali. Na koma komiti na warware maganata. Shugaban ya dube ni ya ce na makara, dako ya riga ya cinye bayan yaron.

Yanzu buhunan aya yake lodi a kasuwar Agiye. In na je sayen yadi yakan gan ni, ya ce Baba alƙali kawo in ɗaukar maka, ya kai mini kaya har mota. Bai san abin da na faɗa ba. Har gobe tsoronsa nake ji, sai dai yanzu tsoron ranar da zai sani ne.

Ban ce duk ɗan wasan da ya yi laifi a buɗe masa fili ba. Shaidata ta farko gaskiya ce, ko yau aka tambaye ni zan sake ta. Abin da na koya shi ne, mutum ya gama hukuncinsa, ya zo a duba shi, to a duba shi. Ni da nake duba kowa, shi kaɗai na yanke wa hukunci ban duba ba.

Mai karatu, roƙona biyu ne. In aka taɓa tambayar ka game da wanda ya fito daga kaso, ka faɗi abin da ya yi da abin da ya ce, kada ka haɗa da abin da kake tsoro. Sannan ka sa ni a addu'a. Ranar kasuwa mai zuwa na yi niyyar in ya miƙo hannu zai karɓi kayana, in riƙe hannun in gaya masa.